Yadda babba zai fara koyon zane da sauraron kiɗa, mataki bayan mataki

Tun da na fara nuna 'yan zane-zanen da nake yi da fensir mutane suke ta yi min tambaya iri ɗaya, wai a ina na koya, makaranta na shiga ko baiwa ce, kuma wai mutum mai shekara 40 da iyali da aikin ofis zai iya farawa yanzu ko lokaci ya wuce. Wasu a waya, wasu a majalisa bayan la'asar, har wata 'yar uwa ta tare ni a gidan suna ta ce ita lalle take yi amma hannun dama da na hagu ba sa taɓa fitowa iri ɗaya. To na gaji da amsa ɗai-ɗai, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda na bi a nan cikin garin Bauchi ba tare da na shiga aji ko ɗaya ba. Ina da shekara 38 na fara. Na haɗa da maganar kiɗa saboda a wajena ciwon ɗaya ne: babba ya riga ya san sunan komai, da ya ga buta sai kansa ya ce masa "buta ce" shi ke nan ido ya daina aiki, da ya ji kalangu sai ya ce "ai Shata ne" kunne ya tafi hutu.

Kafin wani ya tambaya, a matakan nan babu inda za ka zana mutum ko dabba, da gangan na yi haka, buta ce da ƙofa da bishiya da dagi. Mai son wuce nan ko mai tambaya kan hukuncin kiɗa ya nemi malaminsa, ni ba fagena ba ne.

1. Kayan aiki, da abin da kar ka saya

Fensir uku kawai, HB da 2B da 6B, in ba ka samu 6B ba 4B ma ya yi. Harafin B yana nufin laushi da baƙi, duk yadda lambar ta hau haka baƙin yake ƙaruwa, masu H kuwa tauri gare su kuma ba ka buƙatarsu yanzu. Sai kilina fara mai laushi, ba jar nan da take gindin fensir ba, ita wannan jirwaye take bari ta kuma ci takarda. Sai reza ko shafna, sai ɗan fulawud daidai cinya da kilif biyu na riƙe takarda.

Takarda kuwa A4 ta fotokofi ta isa. Rim ɗaya ganye 500 ne amma ba sai ka ɗauki rim ba, mai shagon fotokofi zai ƙirga maka 50 a warware, in ma a ofis kake bayan takardun da aka gama da su kyauta ne. HB da 2B kowane shagon littattafai a wajen kasuwar Wunti yana da su saboda 'yan makaranta, 6B ne yake ɗan wuya, ka tambayi masu sayar wa ɗaliban zanen gini na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) da na foliteknik kaya. In ya faskara gaba ɗaya ka ɗebo gawayi mai laushi a murhu. Kuɗin kayan nan duka bai kamata ya wuce cefanen yini guda ba, in ka ga lissafi ya haura haka to an sa maka abin da ba ka buƙata.

Gargaɗi: kar ka fara da fenti. Ni da zafina na shiga wani shago na kwaso kwalin fenti da buroshi 12 har da ƙyallen zane, mai shagon yana ta zuga ni wai irin na ƙwararru ne, na zo gida na tarar rabin kalolin sun bushe ƙamas a cikin robarsu, da na mayar ya ce kayan da aka buɗe ba ya dawowa. Sauran suna nan ƙarƙashin gado yara sun gama da buroshin.

2. Sati biyu na layi da da'ira

Wannan matakin babu daɗi, amma minti 15 ne a rana. Ka ware lokaci guda ka riƙe shi, ni bayan asuba na zaɓa saboda da daddare sai an ɗauke wuta ko barci ya ɗauke ni.

Ka riƙe fensir daga tsakiya ba can kusa da tsini kamar mai sa hannu a takardar albashi ba. Motsin daga gwiwar hannu da kafaɗa zai fito, wuyan hannu ya huta. Ka ɗiga ɗigo biyu nesa da juna ka haɗa su da layi ɗaya a ja guda, idonka yana kan ɗigon da za ka je. Ka cika shafi. Gobe da'ira, jibi siffar ƙwai a kwance irin yadda bakin kofi yake idan ka kalle shi daga gefe, ka yi mai faɗi ka yi matsattse. Kowane shafi ka rubuta kwanan wata a ƙasa.

Gargaɗi: babu rula, babu kilina a sati biyun nan. Layi ya karkace ka ja wani a gefensa. Mu manya kunyar kuskure ce take kashe mu, mutum zai yi layi ɗaya ya goge sau shida har takarda ta huje.

3. Buta

Nan ne aikin yake, kuma nan zan daɗe. Ka ɗauko butar alwala ta roba ka ajiye ta a kan kujera ko tebur kamar taku uku daga inda kake zaune, ka sa alama a inda ka ajiye ta da inda ka zauna don gobe ka dawo daidai wurin.

Kar ka taɓa takarda tukuna. Minti biyu cur kana kallo. Tsayinta ya fi faɗinta ko faɗin ne ya fi? Bakin nan mai tsini daga ina ya tsiro, tsakiyar ciki ko ƙasa da haka? Ƙarshensa ya kai tsayin murfi ko bai kai ba? Za ka sha mamaki, abin da kake ɗauka sau biyar a rana shekara da shekaru ba ka san amsar ko ɗaya ba.

Sai awo. Ka miƙe hannu sosai da fensir a tsaye, ka rufe ido ɗaya, ka daidaita kan fensirin da saman murfi sannan ka sa babban yatsa a inda murfin ya ƙare. Wannan shi ne mudunka. Ka gangara da shi ka ga tsayin butar murfi nawa ne, ka kwantar da fensirin ka ga faɗinta murfi nawa ne. In tsayi ya ba ka biyar faɗi huɗu, sai ka ja akwati mai biyar da huɗu a takarda da HB a hankali kamar ba ka so ya fito, butar duka cikin akwatin nan za ta zauna. Daga nan manyan siffofi, ciki kamar ƙwallo, wuya kamar gwangwani, bakin sama siffar ƙwan nan da ka sha yi a mataki na 2. Mariƙi da ƙananan abubuwa su ne na ƙarshe.

Wata dabara da ta taimake ni a mariƙi: ka manta da mariƙin, ka zana ramin da yake tsakaninsa da jikin butar. Kanka bai san sunan wannan ramin ba, don haka ba zai yi maka shisshigi ba, dole ido ya faɗi gaskiya.

Gargaɗi: in ka lanƙwasa gwiwar hannu wajen awo komai ya rushe, hannu a miƙe kowane lokaci. Sannan gindin buta ba layi miƙaƙƙe ba ne, lanƙwasa yake yi kamar bakin, kusan kowa a nan yake faɗuwa har da ni. Butata ta farko na kai wa uwargida ina jiran yabo, ta juya takardar sama ta juya ta ƙasa ta ce "Baban Ummi wannan kabewa ce ko tulu?" Na ce buta ce. Ta ce "To Allah ya sa alwala ta yiwu da ita." Da na kai zanen gaban madubi sai na ga abin da ta gani, gefe ɗaya ya kumbura kamar an mare shi. Tun daga ranar kowane zane sai na nuna wa madubi, yana tona karkatar da ido ya riga ya saba da ita.

Butar nan za ka yi ta zanawa sati biyu kana juya ta, sannan ka ƙara kofin silba a gefe, sannan tukunya, sannan takalmi. Takalmi mugu ne, ka bar shi ƙarshe.

4. Haske da inuwa

Ka ja ƙananan akwatuna biyar a jere. Na farko ka bar shi fari, na biyar ka cika shi da 6B baƙi ƙirin, uku na tsakiya su riƙa hawa a hankali. Sai ka iya wannan tsani kafin ka sa wa buta inuwa.

Da daddare ka kashe ƙwan ɗaki ka ajiye tocila a gefe ɗaya kawai na butar. Ka ƙanƙance ido har komai ya ɗan dushe, za ka ga butar ta rabu gida biyu, ɓangaren haske da ɓangaren duhu, ga kuma inuwar da ta zuba a ƙasa wadda ta fi baƙi daidai inda gindi ya taɓa tebur. Ka fara da shafa ɓangaren duhu duka da lamba uku ta tsaninka, sannan ka ƙara baƙi inda yake buƙata. Wurin da yake ƙyalli farin takarda ne, ka kewaye shi ka bar shi.

Gargaɗi: kar ka murza da yatsa, maiƙon hannu yana kama fensir ya zama dabbare-dabbare kuma kilina ba ta fitar da shi. Ka sa wata takarda ƙarƙashin hannunka. Kuma ka daina tsoron baƙi, zanen 'yan koyo duk toka-toka yake fitowa saboda an sayi 6B an ajiye ana tausayinsa.

In kana son ganin yadda haske yake aiki a gini ka shiga kabarin Tafawa Balewa da hantsi, ka bi hanyar nan mai duhu a hankali har ka fito fili, ka lura da inda haske yake faɗowa a bango da yadda yake yanke duhun.

5. Fita waje

Yanzu ƙofar gidanku, ko layinku, ko bishiyar darbejiya ta bakin masallaci. Abu ɗaya za ka riƙe a nan: ka ɗaga fensir a kwance daidai idonka, wannan shi ne layin ido, ka ja shi a takarda kafin komai. Duk layin da yake tafiya nesa kuma yana sama da idonka, kamar saman katanga ko wayar wuta, gangarowa yake yi zuwa layin nan, na ƙasa kuma kamar bakin kwata hawa yake yi. Falwayar wuta ta biyu ta fi ta farko gajarta a takarda duk da ka san tsayinsu ɗaya. Ka auna da fensir kar ka yarda da abin da ka sani. Bishiya kuma ba a bin ganye ɗai-ɗai, dunƙule-dunƙule ake gani, wani a haske wani a duhu. Lokacin hunturu ka kalli duwatsun da suke kewaye da gari, na nesa hazo ya wanke su sun yi fari-fari, HB ya ishe su, 6B na abin da yake gabanka ne.

Gargaɗi: kar ka zauna da takarda kana kallon banki ko bariki ko shingen jami'an tsaro kana ja kana ɗagowa, za ka yi bayanin da ba ka shirya ba. Gidan mutane ko shagon wani ka yi sallama ka nemi izini. Yara kuwa za su taru a kanka ko ka so ko ka ƙi, ka tafi da 'yan takardu ka raba musu ka samu lafiya.

6. Dagi, hula, lalle, da kallon aikin wani

Ga amsar 'yar uwata mai lalle. Duk adon da ake so gefe da gefe su yi daidai, dagin Arewa ne ko zanen hula ko zayyanar allo, a kan gidaje ake gina shi. Ka ja gida-gida a takarda kamar na dara, nan an yarda ka ɗauki rula, ka ja layi ta tsakiya a tsaye da a kwance, ka zana kashi ɗaya cikin huɗu, sauran ukun ƙirga gidaje kawai za ka yi. Masu ɗinkin hula ma zare suke ƙirgawa. A dagi ka bi igiyar da yatsa tukuna ka ga inda ta hau da inda ta shige ƙarƙashi, hawa ɗaya shiga ɗaya take yi, in ka yi hawa biyu a jere ƙullin ya kwance.

Kallon aikin wani kuma shi ma koya ake yi. Ka tsaya minti biyar gaban abu ɗaya kafin ka ce ya yi kyau ko bai yi ba. Ina idonka ya fara sauka, me ya ja shi can, daga nan ina ya bi? Me aka maimaita? Ina mai aikin ya bari babu komai? Ka gwada a kan ƙwaryar da aka yi wa zane, ko rubutun bayan tifa da Keke Napep, masu fentin motocin nan wasunsu gwanaye ne ba a dai kula su ne. In ka samu hali ka je Kafin Madaki ka ɗaga kai ka kalli bakan gizon ginin Babban Gwani, shahararren maginin nan na zamanin da, wato lanƙwasassun bakunan da suke riƙe da rufi, ka ga yadda aka raba nauyin rufi da ƙasa da azara. Akwai kuma tsofaffin zanen kan dutse a Geji da Shira, duk a nan jihar Bauchi.

Kala sai bayan wata uku, kuma fensir mai kala ko fosta kala ta 'yan makaranta ta isa. Ja da ɗorawa da shuɗi, da fari. Ɗorawa da shuɗi su ba ka kore, ja da ɗorawa ruwan goro.

7. Kunne: waƙa ɗaya, saurare huɗu

Kayan aiki a nan iyafis ne mai kyau, sifikar waya tana cinye muryar ganga. Masu tura waƙoƙi a kasuwa za su cika maka mimori da tsofaffin makaɗa da kuɗi kaɗan, amma waƙa ɗaya za ka zaɓa, ita ce butarka.

Saurare na farko ka ji ta yadda ka saba. Na biyu ka toshe kunne daga maganar, ka bi kiɗan kawai kana buga ƙafa har ka kama inda yake zagayowa. Na uku ka bi 'yan amshi, ka gano gindin waƙar, wato layin da ake ta komawa kansa, ka lura yaushe suke shigowa, jira suke sai jagora ya dire ko suna karɓe masa tun bai ƙarasa ba, suna maimaita abin da ya faɗa ne ko ƙari suke yi. Na huɗu sai ka koma kan jagora da ɗiyan waƙar, wato baitocin da yake kawowa tsakanin amshi da amshi, ina yabo, ina kirari, ina ya saki habaici, ina zambo. Ka rubuta layi biyu ko uku na abin da ka ji yau wanda ba ka taɓa ji ba.

Gargaɗi: ba a wannan aikin ana tuƙi ko ana hira. Wanda kuma ba ya sauraron kiɗa zai iya yin irinsa da rubutacciyar waƙa da ake rerawa da baki, ya bi amsa-amo a ƙarshen baiti, ya ƙirga ɗango, wato layukan baiti, ya ga ƙwar biyu ce ko ƙwar biyar.

8. Raba kayan kiɗa

Hanya mafi sauƙi ka ɗaura kowane kaya a kan gwaninsa. Kalangu ka nemi Mamman Shata, kotso Musa Ɗanƙwairo, kuntigi Ɗan Maraya Jos, gurmi Haruna Uji, kiɗan ƙwarya Barmani Choge. Sati guda ga kowanne. Kotso fuska ɗaya gare shi kuma da hannu ake kaɗa shi, kalangu fuska biyu da lanƙwasasshen makaɗi. Goge da kukuma gogawa ake yi shi ya sa muryarsu take ja, kuntigi da gurmi da garaya kuwa taɓa tsarkiya ake yi sauti ya fito ɗigo-ɗigo.

Ni kalangu sai a wani biki na gane shi. Da aka tsaya cin abinci na matsa kusa da wani dattijo mai kalangu na gaishe shi na ce "Baba, don Allah wai da gaske yana magana?" Ya dube ni ya yi dariya ya ce "Ɗana, faɗi kuka na ido." Na faɗa. "To faɗi kuka ta miya." Na faɗa. Sai ya matse kalangun a hammata ya buga sau biyu murya a sama, ya sake bugawa ta farko a matse ta biyu ya saki igiyoyin murya ta faɗo, wallahi ga kukan ido ga kukar miya na ji su rarrabe. Matsewar tana ɗaure fata murya ta hau, sakin yana sassauta ta, da haka yake bin hawa da saukar maganar Hausa, da haka kuma ake gane taken mutum ko na sana'a. In za ka yi irin wannan tambayar ka bari sai sun huta, kuma ka riƙe ɗan abin goro, sana'arsu ce.

Kakaki da algaita da tambari kuwa ka bari sai hawan sallah, ka samu wuri kusa da fada tun da wuri, ka rufe ido na minti ɗaya ka ƙirga kaya nawa kake ji. Hannu ɗaya dai ya zauna a aljihun da waya take.

9. Ajiya

Kar ka yar da ko ɗaya, har kabewar. Ka jera su a fayil bisa kwanan wata, masu 6B da gawayi ka sa farar takarda tsakaninsu don kar su shafi juna. Duk ƙarshen wata ka baje su a tabarma ka duba kuskuren da yake ta dawowa, shi za ka yi wa aiki wata mai zuwa, nawa gindin kofi ne ya bi ni har wata huɗu. Fayil ɗin ka sa shi cikin leda ka ɗora a saman kwaba nesa da bango, da damina takarda tana shan danshi ta yi tabo, gara kuma in ta samu hanya dare biyu ya ishe ta.